Motar farko ta ɗan fari: mako shida tsakanin haraj da warsha

Ranar da lasisin yaron ya fito, bai ce mini komai ba sai bayan sallar isha'i. Ya zo ya durƙusa gefen tabarmata, ya miƙo mini wayarsa da hannu biyu, ya ce, “Baba, ga ta.” Na ɗauka lasisin ne zai nuna mini a Absher, manhajar hidimomin gwamnati. Ashe hoton mota ce, Ford Crown Victoria, fara, doguwa, irin wadda samarin Jidda ke mutuwar so. Mai ita ya sa ta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ya rubuta riyal 14,000.

Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Shekararsa 18, wato daidai shekarun da dokar ƙasar nan, Saudiyya, ta yarda a ba mutum cikakken lasisin ƙaramar mota. Kuma buƙatar motar gaskiya ce. Tun da aka rushe tsofaffin unguwannin kudancin Jidda tsakanin 2021 da 2022, su Karantina da Sabil da Gulail inda mutanenmu suka daɗe, muka tattara muka koma Bahra, a kan hanyar Makka. Ni ina fita shago tun da duhu-duhu, ba na dawowa sai dare. Shi yana zuwa koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a cikin Jidda, ƙannensa mata biyu suna makaranta, uwarsu kuma tana da asibiti duk wata. Kuɗin da muke zubawa a motar haya ya kai a zauna a yi lissafi.

Ban ce masa a'a ba a daren. Na ce ya ɗauko biro da takarda. Tafiyarsa zuwa da dawowa ta kai kilomita 80 a rana, wato wajen 2,000 a wata. Litar man 91, mai koren famfo, riyal 2.18 ce, farashin da aka tsayar tun Yulin 2021. Ƙaramar mota mai silinda huɗu za ta sha kamar lita 7 a kilomita 100. Ita wannan Ford ɗin silinda takwas gare ta, injin lita 4.6, kuma a cunkoson Jidda da mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne sai ta kusa ninka haka. Ya buga, ya ga riyal ɗari uku a gefe guda, ɗari shida a ɗaya gefen. Na ƙara masa da cewa tun 2011 aka daina ƙera ta, don haka duk wadda zai samu ta haura shekara goma. Ya yi shiru yana kallon takardar. Abin da ban faɗa masa ba shi ne ainihin abin da ke raina: ba na son in ɗora yaro ɗan shekara 18 a kan inji mai ƙarfin da ya fi hankalinsa, a kan titin da manyan motoci ke kwarara dare da rana. Na halarci jana'izar 'ya'yan maƙwabta fiye da sau ɗaya a ƙasar nan, kuma ba ciwo ne ya kai su ba.

Abin da muke da shi riyal 33,000 ne. Dubu ashirin kwasar adashina ce, dubu goma uwarsa ta sayar da awarwaronta guda biyu, dubu uku kuma nasa ne, abin da ya tara daga aikin da ya yi a watan azumi. Tun a daren na ware dubu shida na ce ba na mota ba ne. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce na abin da motar za ta nema bayan ta shigo gida, don ban taɓa ganin tsohuwar motar da aka saya ba ta nemi komai ba. Ke nan ba za mu wuce 27,000 ba, ko da motar zinariya ce. Na kuma sa masa sharaɗi ɗaya: duk inda za a je duba mota, ƙafata ƙafarsa.

Muna da wani bakanike ɗan garinmu, dattijo, ya fi shekara talatin yana aiki a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci. Yarana Kawu suke ce masa. Shi muka fara kai wa maganar, muka same shi a ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu da tsumma. Bai ɓata lokaci ba. Ya ce mu tsaya kan motocin da suka cika titi: Corolla, Yaris, Accent, Elantra, Sunny. Ya ce ba wai sauran ba su da kyau ba ne, amma motar da take ko'ina, kayanta ma suna ko'ina, na asali da na tijari, wato waɗanda ba na kamfanin motar ba, sababbi a shago da na hannu a tashlihin Buraiman, inda ake kwance matattun motoci, kuma kowane yaron warsha, wato garejin gyara, ya san cikinta. Ya juya ga yaron ya ce, “Ɗana, abu huɗu za ka tambaya kafin ka kalli fenti: inji, giya, shasi, mukayyif. In ɗaya ya gaza, ka yi sallama ka wuce.” Ya kuma ce mu nemi wadda aka shigo da ita tun tana sabuwa don ƙasashen nan, ba wadda aka kawo ta hannu daga Amurka ba, saboda da yawa daga cikin waɗancan sai da suka yi haɗari aka yi gwanjonsu, kuma bin tarihinsu daga nan wahala ne.

Mako na farko a waya muka yi shi. Yaron ya fi ni iya karanta tallan Haraj, ni kuma na fi shi sanin abin da ke bayan kalmomin. In an rubuta “badi wakala” ana nufin fentin kamfani ne, ba a taɓa shi ba. “Rash hizam” kuwa an sake fesa gefunan motar kewaye. “Makina wa gir ala shart” na nufin mai ita ya yarda a kai inji da giya gwaji, in an sami matsala ciniki ya warware. “Mamsha” shi ne nisan da ta yi. Wanda bai rubuta mamsha ba, bai sa hoton cikin mota ba, ko ya ɗauki hotunan da dare, ba ma ko kiransa.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka shiga harajin motoci, wato kasuwar gwanjonsu, a kudancin gari. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka faɗa ake yi. Motoci na shigowa a jere, dillali na ɗaga murya, masu taye na kewaye mota suna bubbuga ƙofa, wani ya buɗe bonet, wani ya leƙa ƙasa, kafin ka ankara an sallama an wuce ta gaba. Akwai waɗanda ake kira shiraiɗiyya, sana'arsu ke nan, su sayi mota yau, su wanke ta su gyara mata fuska, su sayar jibi. Ba duka ne maha'inta ba, amma ba su san motar ba fiye da kwana uku, kuma ba su da abin da za su gaya maka a kanta. Na je ne don yaron ya ga farashi da idonsa, ba don mu saya ba. A wurin da ake ba ka minti biyar ka yanke shawara, mai kuɗin adashi ba shi da abin yi.

Mota ta farko da ta shiga ranmu mun same ta ne ta waya. Ƙirar 2017 ce, azurfa, tana sheƙi, mamsha 140,000, mai ita na neman 23,000. Araha ƙwarai. Muka haɗu da shi bakin wani gidan mai bayan magariba, Kawu na tare da mu. Da aka buɗe ƙofa sai ƙamshin bakhur ya buge mu, mai yawa, har yana hawa kai. Yaron ya zauna a kujerar direba, ya riƙe sitiyari, na ga fuskarsa ta sake. Kawu bai ko kalli injin ba. Ya kama bel ɗin kujerar baya ya yi ta ja har ƙarshensa, ya haska da fitilar waya. Can kusa da ƙarshe akwai wani layi ruwan ƙasa, kamar inda ruwa ya tsaya a jikin bango. Ya tura kujerar gaba, ya nuna wa yaron ƙarafunan da take gudu a kai, duk tsatsa. Ya buɗe but, ya ɗaga safaya, ya shafa yatsa a cikin ramin, ya fito da busasshen laka mai laushi kamar garin lalle. Ya ce wa mai motar, “Allah ya sa albarka,” muka juya.

A hanya ya yi wa yaron bayani. Duk wanda ke Jidda ya san ambaliyar Nuwamba 2009 da ta Janairu 2011, ga kuma ruwan Nuwamba 2022 da ya nutsar da motoci a ƙarƙashin gadoji. Motar da ta sha ruwa tana iya tashi lafiya yau, ta yi tafiya wata shida, sannan wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki: yau gilas ya ƙi sauka, gobe kwamfutar giya ta rikice, jibi jakar iska ta ƙi buɗewa ranar da ake buƙatarta. Ya ce gara motar da ta yi karo aka gyara ta a gabanka da wadda ta kwana a ruwa. Yaron bai yi magana ba har muka iso gida. Washegari na gan shi yana jan bel ɗin motar maƙwabcinmu, yana dubawa.

Ta biyu ba mu ma kai ta wurin Kawu ba. Agogonta na nuna 165,000, amma robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, fatar sitiyari ta yi sumul, kujerar direba ta lotsa. Na ce wa yaron ya nemi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba, ya ciro rahoton Mojaz. Ana biyan ɗan kuɗi kaɗan, sai ya fito maka da yawan mutanen da suka mallaki motar, haɗurran da aka rubuta a kanta, da abin da agogo ya nuna a lokutan da aka kai ta fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma. Rahoton ya nuna shekara biyu baya agogon na kan 310,000. Hannu biyar ta bi. Na nuna wa mutumin, ya ce shi ma haka ya saye ta. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Ban yi musu da shi ba.

Daga nan sai abin ya fara gajiyar da mu. Wata mun je Makka takanas dominta, muka tarar an riga an kunna ta ta yi zafi kafin mu iso, alhali na roƙi mai ita ya bar ta a sanyaye. Da muka jira ta huce aka sake tayarwa, sai ga shuɗin hayaƙi daga salansa, alamar inji na cin baƙin mai. Wata mukayyif ɗinta na sanyi in ana gudu, in an tsaya a danja sai iska mai ɗumi. Wata mai ita ya ƙi a kai ta gwaji, ya ce yana sauri, akwai mai saye a bayanmu. A mako na huɗu yaron ya ce mini, “Baba, ko mu haƙura da wadda ta fi dama a cikinsu?” Na ji tausayinsa, don abokansa duk sun san ana nema masa mota, kullum sai sun tambaye shi. Na ce masa awarwaron uwarsa ne a cikin kuɗin nan. Bai sake tayar da maganar ba.

Wadda muka saya, ba a intanet muka gan ta ba. Wani abokin cinikina ne ya ce maƙwabcinsa, dattijo Basa'ude, malamin makaranta da ya yi ritaya, zai sayar da motarsa saboda ido ya fara ba shi matsala. Corolla ce ƙirar 2013, injin 1.6, fara, mamsha 238,000. A ido ba ta kai ko ɗaya daga cikin waɗanda muka gani kyau ba. Rana ta cinye fentin rufinta, ƙofar baya ta dama na da lotsawa kamar tafin hannu, fitilun gaba sun yi rawaya. Na ga yaron ya ɗan sunkuyar da kai. Amma da dattijon ya buɗe aljihun gaban mota sai ya fito da wata jakar leda cike da rasit, an jera su bi da bi: canjin mai, batir, birki, famfon ruwa, kowanne da kwanan wata da abin da agogo ke nunawa. Shi ya saye ta sabuwa, shi kaɗai ya tuƙa ta. Ya nuna lotsawar da kansa, ya ce ƙarfen ƙofar gareji ne. Ya ce kuma akwai ɗigon mai kaɗan a saman inji, bai gyara ba. Mutum na farko ke nan a mako biyar da ya faɗa mana aibin motarsa kafin mu gano.

Na roƙe shi ya bari mu zo da sassafe mu tayar da ita da kanmu. Yaron ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya tabbatar da sanyi. Ya murɗa makulli rabi, muka ga fitilun allo sun kama duka, har da ta jakar iska da ta inji, sannan suka mutu bayan ta tashi. Wannan ma Kawu ne ya koya masa, don akwai masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya don kada ta tona asiri. Ya buɗe murfin baƙin mai, babu farin kumfa. Muka dawo da azahar, lokacin da rana ke tsakiyar ka, muka bar ta a tsaye minti ashirin da mukayyif a kunne. Allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba, sanyi kuma bai ragu ba. A kan babban titi na karɓi tuƙin, na kai ta 110, na sassauta riƙon sitiyari, ba ta ja gefe ba. Na taka birki da ƙarfi, ba ta karkarwa. Giyar na shiga ba tare da duka ba.

Duk da haka sai da muka kai ta wurin gwaji na kuɗi, wanda mu muka zaɓa, ba mai mota ba. Aka ɗaga ta sama, aka sa mata kwamfuta, aka bi jikinta da na'urar auna kaurin fenti. Shasi lafiya, ba walda, ba alamar an taɓa miƙe shi. Aka rubuta mana abin da ke jiranmu: robar murfin inji, robobin ƙafar gaba, takalman birkin baya, da tayoyi. Tayoyin sun ba yaron mamaki, don zanensu bai cinye ba. Mai gwajin ya nuna masa lambobi huɗu a gefen tayar, 2319, ya ce mako na 23 na shekarar 2019 ke nan aka yi ta. A zafin kwaltar ƙasar nan tsohuwar taya fashewa take yi ko da zanenta na nan, kuma a kan gudu take yi. Mojaz ya nuna mai mallaka ɗaya, agogo kuma yana hawa daidai da rasit ɗin cikin leda. Muka sa lambar shasin a shafin kiranye na Ma'aikatar Kasuwanci don mu ga ko akwai gyaran kamfani da ake binta, babu.

Dattijon ya ce 28,000. Na nuna masa takardar gwajin, na taya 24,500. Ya ce albarka. Muka sha gahawa, ya tambayi yaron abin da yake karanta, yaron na amsa masa da “na'am ya ammi.” Da muka tashi ya ce 25,500, ya ce ragin na yaron ne, da sharaɗin ba zai yi tafhiɗ, wato wasan ganganci da mota, da ita ba. Na ce na saya. Ya ce ya sallama.

Sauran aikin a waya aka yi shi. Fahas ɗinta na shekara yana da sauran wata huɗu, istimara, wato takardar rajistarta, ba ta ƙare ba, kuma ba a iya mayar da mallaka sai waɗannan suna raye. Na sayi inshora da sunana, dattijon ya buɗe cinikin a Absher, na amince, na tura kuɗin asusun da tsarin ya ba ni, ba hannunsa ba, kuma ba su isa gare shi ba sai da ya miƙa mini makulli. Da sunana aka rubuta motar, sannan na yi wa yaron tafwil, wato izinin tuƙa ta. Inshorar ce ta fi ba ni aiki. Mota mai wannan shekaru, ta ɓangare na uku muka yi mata, mai biyan ɓarnar da aka yi wa wani, wadda doka ta wajabta. Da na sa sunan yaron a matsayin ƙarin direba sai farashin ya yi tsalle, saboda shekarunsa. Wani ya ba ni shawara in bar sunansa, wa zai sani? Ban karɓa ba. Ranar da wani abu ya faru aka kira Najm, masu binciken haɗarin mota, suka zo suka rubuta wanda ke tuƙi, ba na son wata magana ta taso a kan takarda.

Dubu shidan nan da na ware, ga inda suka tafi: tayoyi huɗu sababbi, waɗanda yaron da kansa ya karanta kwanan watansu kafin a ɗaura, robobi da birki da murfin inji a warshar Kawu, canjin baƙin mai da ruwan lagireto, inshora, da kuɗin mayar da mallaka. Da abin da ya ragu daga kuɗin motar, muka tsira da ɗan abin da bai kai dubu biyu ba, na ce a bar shi don batir, wanda zafi ba ya barinsa ya daɗe. Fentin rufi da lotsawar ƙofa muka bar su yadda suke. Fitilun gaba kuwa shi ya zauna ranar Asabar ya goge su har suka yi haske.

Kafin in ba shi makulli mun zauna, uwarsa na wurin. Na ce duk tarar da Sahir, kyamarorin kan titi, ya ɗauka, daga aljihunsa za ta fito. Ya san lissafin: riƙe waya a kan tuƙi riyal 500 zuwa 900, tsallake jar danja 3,000 zuwa 6,000, tafhiɗ kuwa 20,000 a karon farko, kusan kuɗin motar gaba ɗaya. Wata uku na farko ba ɗaukar abokai, ba fita bayan sha ɗaya na dare. Uwarsa ba ta yi maganar kuɗi ba. Ta ce, “In ka ɗauki ƙannenka, ka tuna ni ce a bayan.”

Tafiyarsa ta farko mai nisa, Makka ya kai mu umara, bayan asuba ranar Juma'a. Na fito na same shi ya riga ya buɗe bonet, ya zaro sandar mai yana gogewa da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba a hasken fitilar ƙofar gida. Na zauna a gaba, uwarsa da 'yan matan a baya. Bai tayar ba sai da ya ji ƙarar bel huɗu. Ya kama layin dama, ya tsaya a kan 100, manyan motoci na wuce mu. Da muka doshi shingen Shumaisi ya rage gudu tun daga nesa, ya sauke gilas, hannayensa biyu a kan sitiyari. Jami'in ya leƙo, ya dube mu, ya ɗaga hannu. Uwarsa ta ci gaba da talbiyya a hankali, 'yan matan suka ɗauka, shi kuma ya kunna sigina ya koma layinsa.